Wake Bakwai a Finjalin Bisan

Ranar Alhamis da yamma ƙwayar lidon Bisan ta gangaro daga kan teburin kicin, ta bugi ƙafar kujera, ta shige ƙarƙashin firiji. Ni na durƙusa da fitilar waya. Tun da aka yi wa Bisan aikin zuciya ba ta durƙusa irin wannan, kuma ba likita ne ya hana ba, ni ce.

"Mama, kar ki taɓa ta! A yadda ta kwanta za ki karanta. Nawa ne?"

Ƙwayar shuɗiya ce, mai fuska takwas. Ɗaya ne a sama. Na gan shi sarai, kusa da wani busasshen zaitun da ya fi wata a wurin.

"Takwas," na ce.

Ta yi ihun da ya tayar da ƙaninta Ƙais daga barci. Na jawo ƙwayar da tsintsiya, na wanke ta, na sa hannu a ƙasan takardarta a matsayin shaida. Sha ɗaya da takwas, sha tara.

Shekarar Bisan tara, guda ɗaya cur a gado ta yi ta. Da ta koma makaranta ta tarar ƙawayenta sun yi wasu ƙawayen, ita kuma ba gudu, ba tsalle, ba igiya. Takan dawo ta ajiye jaka ta zauna gaban taga. Sai Halto Intisar, wato Inna Intisar, ta hawa na uku, wadda ta koyar da lissafi shekara talatin kafin ta yi ritaya, ta tare mu a bakin matakala wata rana ta ce tana neman mutum na huɗu a teburinta.

Wasan a wurin ɗanta ta koya kafin ya tafi Kanada ya bar mata littattafai da jakar ƙwayoyi. Duk Asabar daga la'asar zuwa magariba yara huɗu na gidanmu suna zagaye teburin cin abincinta. Ita ke jan labari, kowane yaro da gwarzonsa, abin da duk aka yi niyyar yi kuma ƙwaya ce ke yanke hukunci. Jinin kowane gwarzo wake ne a finjalin gahawa. In an sare ka, ka kwashe wake. In finjali ya zama wayam, ka faɗi.

Gwarzuwar Bisan sunanta Shamsa, makiyayiya mai sanda da awaki uku. Wata biyar Bisan ba ta da zance sai na Shamsa. Saboda Shamsa take hawa bene biyu, tana hutawa a kowane lungu, ba ta yarda in ɗauke ta. A Asabar ɗin da ta wuce gwarazan sun ƙara girma, Halto ta ce kowa ya je gida ya jefa ƙwaya sau ɗaya a gaban babba, abin da ya fito a ƙara masa a jini. Ta kuma sanar cewa mako mai zuwa za su shiga kogon kurar da ta sace ƙararrawar ƙauye.

Ni kuwa na taɓa ganin abin da ya faru da gwarzon wani yaro ya mutu a teburin nan. Ya fashe da kuka, uwarsa ta zo ta tafi da shi, bai sake dawowa ba. A ƙarƙashin firijin nan abin da na gani ke nan: Shamsa da wake goma sha biyu a gaban kura, da Bisan ta koma gaban taga.

Ranar Juma'a yaran suka taru a kan matakala suna shirya dabara. Ina shanya a baranda, ina jin su.

"Sha tara?" in ji Yazan, ɗan mai gyaran mota na hawa na biyu, wanda gwarzonsa ke riƙe da takobi. "Ƙarya ne wallahi. Ni da nake sanye da ƙarfe sha bakwai gare ni."

"Ga sa hannun Mamana. Ka iya karatu ko in karanta maka?"

"Mai warin awaki ta fi ka jini," in ji Dima, mai riƙe da bakan ƙungiyar, tana dariya. "To shi ke nan. Shamsa ce a gaba. Ta toshe bakin kogo, mu mu yi harbi ta bayanta."

"Ni ne fa a gaba kullum!"

"Da can. Yanzu ka koma baya ka riƙe mana fitila, jarumi."

Na tsaya da rigar Ƙais a hannu tana ɗiga a ƙafata. Wata biyar Shamsa tana can baya tana jifa da duwatsu, ba abin da ya taɓa ta sai ƙaya. Ni da bakina na ɗauko ta na ajiye a gaban haƙoran kura.

Ranar Asabar na hau da wuri, da farantin biskit a matsayin hujja. Na tarar da Halto Intisar a kicin tana zuba ganye a shayi, tabarau a kan hanci, gefe guda ga takardar da ta cika da lissafi.

"Ummu Ƙais, fuskarki kamar wadda ta ƙona shinkafar baƙi. Zauna."

Ban zauna ba. Na faɗa mata a tsaye, da sauri, kamar mai haɗiyar magani. Ba ta ɗago ba sai da ta rufe butar.

"Na yi mamakin takwas ɗin," ta ce, "amma ƙwaya takan yi haka. Zo ki gani."

Ta juyo mini takardar. Ashe kafin kowane faɗa takan tara waken yaran huɗu, ta duba irin ɓarnar da kowannensu ke iya yi, sa'an nan ta auna dodon a kai. Ba ta so su ci da sauƙi, ba ta so su rasa hanya. So take a zagaye na uku kowa ya tashi tsaye.

"Kin ƙara wake bakwai, ni kuma na ƙara wa kura haƙori. Da cizonta ba ya wuce shida. Yanzu yana kai takwas. Kuma ba Shamsa kaɗai za ta ciza ba."

"To ki rage mata, Halto. Ko in ƙwaya ta fito da yawa ki ce kaɗan ne."

"A gabansu nake jefawa, 'yata. Ɗana bayan kwali yake ɓoye tasa, ni ban iya ba. Shekara talatin ina gyara jarrabawa, yaro yana gane makin da aka ba shi don tausayi tun kafin ya juya takarda."

"Za ki gaya mata?"

"Ba ni na leƙa ƙarƙashin firiji ba. Abin da ke rubuce da sa hannun babba shi nake bi. In kin yi shiru, ina da hanya. In kin yi magana, ina da hanya. Ɗauki kofunan nan, ga su can suna hawowa kamar garken tumaki."

Na zauna a inda na saba, kusa da na'urar ɗumama ɗaki, Ƙais a cinya. Halto ta shimfiɗa taswirar da ta zana a bayan kalandar bara, ta jera murafun kwalba huɗu a bakin kogo. Ta ƙirga wa kowa wakensa da ƙarfi. Na Bisan har ya yi tozo a finjali.

Na sha kallon yadda take jan faɗa, amma ran nan ne na lura da kyau. Cokalin katako ne ke zagayawa, wanda ya riƙe shi kaɗai ke magana. Tana buga yatsa a tebur sau goma. In ba ka yanke shawara ba, gwarzonka ya tsaya yana kāre kansa, cokali ya wuce gaba. Kuma faɗanta ba ya wuce zagaye huɗu. Ta taɓa ce mini a na biyar yara ke fara leƙen taga, a na shida su fara tsunkulin juna.

Ta rage murya. Ta ce kogon yana warin tsohon ƙashi, ƙararrawar ƙauye tana rataye a wani tsinin dutse, can ciki kuma wani abu yana dariya irin ta tsohon da ya san sirrinka. Karam, ƙaramin cikinsu, ya ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa ya naɗe a kan kujera.

Zagayen farko Dima ta harba kibiya ta samu. Karam ya jefa wuta ta faɗa a dutse, Yazan ya ce masa ko kaza ba zai iya gasawa ba. Bisan ta dasa sanda ta ce Shamsa ba za ta matsa ba. Halto ta jefa baƙar ƙwayarta a tsakiyar tebur. Biyar.

Bisan ta kwashe wake biyar, ɗaya bayan ɗaya, tana murmushi.

"Wannan cizo ne ko sumba?"

Zagaye na biyu Yazan ya kutsa ta gefe ya sari kura a cinya, Dima ta ƙara mata. Duk sun miƙe tsaye, cokali yana gudu daga hannu zuwa hannu. Halto ta ce kurar ta daina dariya. Ta jefa. Ƙwayar ta yi juyi ta bugi farantin biskit ta tsaya. Takwas.

"Wayyo!" in ji Karam.

Bisan ta kwashe takwas. Na miƙa wuya. Wake shida ne suka rage a gindin finjalin, kuma ko ɗaya babu nata.

"Tana tsaye!" Dima ta rungume ta. "Kun gani? Da Yazan ne da yanzu yana kiran babarsa."

"Sa'a ce kawai," in ji Yazan, amma a hankali ya faɗa. Ya dubi Bisan irin kallon da ba a yi mata ba tun kafin asibiti.

Bisan ta juyo wajena, kumatunta sun yi ja.

"Mama, kin gani? Da ɗaya na samu ranar nan da tuni na faɗi. Gaya musu yadda ta kwanta a ƙarƙashin firiji, Yazan bai yarda ba har yanzu."

Da ba ta tambaye ni ba, ban san abin da zan yi ba, kuma ba zan yabi kaina ba. Amma ta tambaya, a gaban mutum huɗu, da idanun nan. Ƙarya ɗaya a durƙushe a kicin na iya. Ta biyu a tsaye ta fi ƙarfina.

"Ɗaya ne ya fito," na ce.

Ba wanda ya motsa. A titi motar sayar da gas tana wucewa da waƙarta ta kiran masu saye.

"Ɗaya ne, Bisan. Ni na ce takwas. Ba ta sani ba, Yazan, ba ta ma gani ba. Laifina ne ni kaɗai."

Na shirya wa kuka. Na riga na gyara Ƙais a kafaɗa don in samu hannun da zan riƙe ta. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai, sa'an nan ta ɗauki finjalin ta juye waken shida a tebur, ta kife shi.

"Shamsa ta faɗi," ta ce.

Yazan ya buɗe baki. Halto ta miƙa hannu ta karɓi cokali daga hannunsa kafin ya ce komai.

"Shamsa ta faɗi," ta maimaita da muryar labari, kamar dama abin da ke rubuce ke nan. "Sandar ta gangara. Kura ta ɗanɗani jini, yanzu ba cizo take so ba. Ta kama gefen rigar Shamsa tana ja da baya. A ƙarshen kogo akwai rami wanda mutum ba ya shiga a tsaye. Zagaye biyu ya rage ta kai can. In ta kai, Shamsa ta tafi ke nan." Ta tura murafu biyu a kan taswira, taku uku. "Dima, ke ce. Ɗaya. Biyu."

Ba ta ba kowa sukunin kallona ba. Yatsa yana bugun tebur, Dima ta harba a gigice ta kuskure. Karam ya ce zai haska ramin don a ga nisansa. Cokali ya iso gaban Bisan, ta ture shi.

"Na faɗi ai. Ba ni da juyi."

"Wa ya ce?" in ji Halto. "Hannu ya mutu, ƙafa ta mutu, numfashi ɗaya ya rage. Me makiyayiya take yi da numfashi ɗaya? Ɗaya. Biyu. Uku."

A na bakwai Bisan ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito, fito na gaske, wanda ban san ta iya ba. Ƙais ya zabura.

"Awakina," ta ce. "Su shigo su tsaya a bakin ramin."

"Awaki ba sa son warin kura. Biyar ko sama, su zo."

Bisan ta jefa shuɗiyar ƙwayar nan. Shida. Yaran suka yi ihu har maƙwabciya ta buga bango. Halto ta ɗauki wake uku daga waɗanda aka juye, ta jera su a bakin ramin a matsayin awaki.

"Sun tare. Kura ta tsaya tana gurnani, amma ba za su daɗe ba. Zagayen ƙarshe. Yazan, kai ne kusa. Saura kaɗan kura ta mutu, sara ɗaya mai kyau zai iya gamawa da ita, ƙararrawa ta zama taku. Ko kuma ka jefar da takobi ka kama ƙafar Shamsa da hannu biyu. Ba ka iya duka. In ka sara ka kuskure, ta wuce da ita ta ƙarƙashin awaki."

"Sare ta!" in ji Karam. "A'a, kama ta!"

"Ba kai ke da cokali ba. Ɗaya. Biyu."

Yazan ya yi wata biyar yana jiran ranar da zai kashe babban dodo. Har sunan da zai sa wa takobinsa bayan nan ya zaɓa, duk gidan mun sani. Ya dubi taswira, ya dubi kifaffen finjalin.

"Kai, wannan mai warin awakin," ya ce. "Na jefar. Na kama ta."

"Huɗu ko sama."

Ya hura wa ƙwaya iska, ya jefa. Ta gangara har bakin tebur, Dima ta tare da gwiwar hannu, Halto ta ce a sake, ba a tarewa. Ya sake. Huɗu.

Halto ta ce rigar ta yage. Kura ta tafi da guntun ƙyalle a baki, ta fizgi ƙararrawar a kan hanya, ta shige rami tana ɗingishi, ana jin ƙararrawa tana nisa tana nisa. Ba su samu abin da suka zo nema ba, Yazan ya rasa takobi, akuya ɗaya ta karye a ƙafa. Ta saka wake ɗaya a finjalin Bisan, ta ce Shamsa ta buɗe ido. Daidai nan aka kira magariba.

Ban taɓa ganin mutanen da aka ci da yaƙi suna murna haka ba. Suna sa takalma suna gardamar yadda za su bi ramin mako mai zuwa, Yazan yana cewa akuya biyu za a biya shi diyyar takobi, Bisan tana cewa ko kashin akuya ba zai samu ba.

Na tsaya tattara kofuna. Sai a lokacin na gane abin da tsohuwar nan ta yi. Daga lokacin da na yi magana kura ba ta sake cizon kowa ba. Haƙorin da ta ƙara saboda ƙaryata bai taɓa yaro ko ɗaya ba bayan nan, kuma ba ta rage komai a ɓoye ba, ba ta juya ƙwaya ba. Abin da ake faɗan a kansa kawai ta sauya.

"Wannan ce hanyar in na yi magana?" na tambaye ta.

"Rabinta. Fiton ba nawa ba ne, ni na zaci za ta kira sunan Dima." Ta zuba waken a kwalba. "Da Yazan ya samu uku kuwa, da yau kuna da makoki a gida, kuma da ban hana ba. Sai dai na tanadi wata ƙanwar Shamsa a aljihun tebur, mai neman fansa."

"Da na yi shiru fa?"

"Ki je, 'yarki tana jiranki a matakala. Kuma biskit ɗinki ya yi gishiri."

Bisan ba jirana take ba, hutawa take a lungun farko. Na miƙa mata hannu ta ƙi. Muka sauka a jere, Ƙais yana jan ɗankwalina.

"Kin sa na ce wa Yazan bai iya karatu ba," ta ce.

"Zan ba shi haƙuri."

"Ni zan ba shi. Ke ba ki cikin wasan."

Kwana uku ba ta yi mini zancen Shamsa ba. Babanta take kira a waya can garin Aƙaba inda yake aiki, ta ba shi labari, ta rufe ƙofa. Wannan ya fi mini ciwo fiye da tsawa, kuma na san na cancanci hakan. Amma ranar Asabar tun kafin la'asar ta sa takalmi, ta goge sha tara da hannunta ta rubuta sha biyu, ta hau bene.

Bayan wata biyu, da suka ƙwato ƙararrawar, gwarazan suka sake girma. Na zaci wurin babanta za ta kai takardar, tunda yana gida. Sai ga ta a kicin da babban tiren da nake kife tukunyar shinkafar makluba a kai, mai baki ta ko'ina, ta ajiye shi a tsakiyar tebur.

"Tsaya can. Hannu a baya."

Na tsaya, hannu a baya. Ta jefa. Ƙwayar ta zagaya bakin tiren sau biyu ta kwanta.

"Nawa?" ta ce, alhali tana gani.

"Biyu."

"Kash." Ta miƙo mini biro. "Sa hannu. Ba komai, Yazan ne a gaba."